Yadda Ake Shirya Wasannin Gargajiya a Walimar Yara, Daga La'asar Zuwa Magariba

Uwargida, idan za ki tara yara a gidanki, walimar saukar karatu ce, ko washegarin Sallah, ko yaran da suka biyo iyayensu suna, ko kuwa ranar yara ta 27 ga Mayu ce makaranta ta ɗora miki, ki sani abinci kaɗai ba ya riƙe su. Abin da kika kwana kina soyawa, cikin minti goma sun tashi da shi, daga nan sai hawan kujeru da jan labule da koke-koke. Ba sai kin ɗauko mai kiɗa ko kin yi hayar gidan tsalle na roba ba. Wasannin da muka yi a dandali sun wadatar, muddin an jera su yadda ya kamata: na guje-guje su zo da farko, na zama su zo a ƙarshe, kuma a cire duke-duken da ke cikinsu. Tsarin da zan kawo na yara 20 zuwa 30 ne, 'yan shekara 4 zuwa 12, a tsakar gida ko filin ƙofar gida, daga idar da sallar la'asar zuwa kiran magariba, kimanin awa biyu ke nan.

Kayan da za ki tanada

- Abin zane. In filin siminti ne, alli ko gawayi. In ƙasa ce, ki zuba toka a leda ki huda gefe ɗaya, tana fitar da layi sarai, kuma ba ta saurin gogewa kamar zanen tsinke.
- Tabarmi uku ko huɗu, da tsintsiya.
- 'Yan duwatsu masu santsi, girman ƙwallon dabino, kamar guda 30, na carafke. Ki wanke su.
- Tsingaro ko faffaɗan dutse guda uku na 'yar gala-gala. In guntun tayil kika samu, ki goga bakinsa a siminti har kaifin ya mutu.
- Murafun kwalabar lemo guda 24, kala biyu, sha biyu-sha biyu, da kwali mai faɗi, na dara.
- Igiya mai tsawon kamar mita 4.
- Tsofaffin ɗankwali kala biyu, a yayyanka su a ɗaura wa 'yan langa a dantse.
- Usur. In babu, murfin tukunya da cokali ma sun fi shi ƙara.
- Ruwan sha a kula da kofuna da yawa, sai auduga da filasta da ruwan wanke ciwo.
- Ƙunshin rabo, kowa da nasa, iri ɗaya: cincin, gullisuwa ko tuwon madara, kantun riɗi, dabino, gugguru. Ki ƙara aƙalla ƙunshi goma a kan lissafinki, domin yaran unguwa ba sa jiran gayyata, kuma ba kya kore su ba.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne mutane. Kina bukatar 'yan mata biyu da samari biyu, 'yan shekara 13 zuwa 15, su ne za su ja wasan. Kina bukatar babba ɗaya da zai zauna a bakin ƙofa, ba shi da wani aiki sai wannan. In kuma akwai tsohuwa a gidan ko a maƙwabta, ki je da kanki ki gaishe ta ki ce, "Iya, yara za su taru jibi, ina roƙon ki zo ki ba su tatsuniya." Ki riƙa mata goro.

1. Kwana biyu kafin ranar, ki koya wa masu taya ki

Nan mutane da yawa ke faɗuwa. Suna zaton tunda wasan gargajiya ne, kowane yaro ya iya. Yaran yanzu, musamman na birni, da yawansu ba su taɓa jin amshin ɗan akuyana ba. In kika bari sai ranar, za ki tsaya ke kaɗai a tsakiyar fili kina rera waƙa, yara talatin sun zuba miki ido.

Ki kira manyan yaran nan huɗu da yamma, ki yi kowane wasa tare da su sau ɗaya, da jikinki, ba da baki ba. Ku daidaita kan waƙa ɗaya da doka ɗaya. Wasannin nan suna sauya kama daga gari zuwa gari. Yadda ake zanen gala-gala a Kano ba lallai ya zo ɗaya da na Katsina ko Maraɗi ba, baitin gaɗar Zariya kuma yakan sha bamban da na Sakkwato ko Damagaram. In iyayen yaran daga wurare daban-daban suka fito, ba a rasa wadda za ta leƙo ta ce "ai ba haka ake yi ba". Ki ce mata, "Gaskiyarki Yaya, amma yau na gidan nan za mu yi." Kar ki canza doka ana tsakiyar wasa.

A ranar gwajin nan kuma ki aika wa iyaye cewa a haɗo wa yara kayan wasa a leda. Yaron da aka sa wa sabuwar shadda aka ce kar ya ɓata ta, rakuɓewa zai yi a bango har a tashi. Ki tambaye su a asirce ko akwai mai sikila ko asma ko farfaɗiya.

2. Gyaran fili

Da safe ki bi filin da ƙafarki. Ki tsince ƙusa da fasasshiyar kwalba da ƙaya, ki cire turken awaki in yana tsakiya, ki rufe rijiya da murfi mai nauyi, ki kawar da turmi da taɓarya. Murhu da kaskon suya su koma inda yaro a guje ba zai kai ba, haka wayar janareta da igiyar shanya da ta sauko daidai wuya.

In lokacin hunturu ne, ki yayyafa ruwa a ƙasa kamar rabin awa kafin su zo, ya kwantar da ƙura, amma kar ya yi taɓo. In bazara ce, watan Maris zuwa Mayu, kar ki fara wasan gudu sai inuwar katanga ta rufe filin, ko da za ki rage wasa ɗaya.

Sai ki ware wuri uku: babban fili na gudu, gefen da za a yi zane-zane, da inuwar da za a shimfiɗa tabarmi. Ki zaɓi masha, inda mai gudu zai taɓa ya ce "na sha". Kar ki sa bango ko ƙofar ƙarfe, domin yaro ba ya taka birki. Tabarma a ƙasa ko da'irar toka ta fi.

3. Tarba da rabon rukuni

Duk wanda ya shigo, a ƙidaya shi. Ki rubuta adadin a takarda ki ba mai ƙofa. 'Yan mata su cire dogayen 'yan kunne da sarƙa da awarwaro, kowace a ƙulle mata nata a leda a rubuta suna. Takalma masu tsini da silifas masu santsi a jera su gefe.

Ki kasa su gida biyu bisa tsawo: ƙanana, 'yan 4 zuwa 6, da manya. Ki bi tsawo, kar ki tsaya tambayar shekaru, don kowa zai ƙara wa kansa. In za a raba ƙungiya kuma, kar ki bar shugabanni biyu su riƙa zaɓa ɗaya bayan ɗaya yadda muka saba a dandali. Wanda aka bari a ƙarshe yana gane abin da ake nufi, shi ne kuma zai fara cewa zai tafi gida. Ki jera su ki bi kansu kina cewa "rana, wata, rana, wata", shi ke nan an rabu. Wanda zai fara wasa, a fid da shi da tsinken tsintsiya: wanda ya zaro gajere shi ne.

Mai sikila ko asma kar ki ce masa "kai zauna, ba ka da lafiya" a gaban 'yan'uwansa. Ki miƙa masa usur ki ce shi ne alƙali, ki ajiye masa kofin ruwa kusa.

4. Ki buɗe da jini-jini

Wannan na kowa ne, manya da ƙanana, maza da mata, kuma ba ya bukatar koyo. A yi da'ira, mai ja ya tsaya a tsakiya. Ya ce "Jini-jini!" a amsa "Ja!" Sai ya shiga kiran abubuwa masu jini: jinin akuya, ja, jinin kaza, ja, jinin raƙumi, ja. Yana yi yana ƙara sauri, sai kwatsam ya ce jinin dutse ko jinin tabarma. Nan shiru ake so. Wanda bakinsa ya kuɓuce ya ce "ja", ya faɗi.

A da, wanda ya faɗi ranƙwashi yake sha ko a rufe shi da duka. A walima ki maye gurbin wannan da abin dariya: ya shiga tsakiya ya yi kukan dabbar da aka kira ta ƙarshe, ko ya yi tsallen kwaɗo sau uku, ya koma wurinsa. Kar a fitar da kowa. Yaron da aka fitar a minti biyar na farko shi ne zai je ya buɗe miki firji. Minti goma ya isa, ki tsayar da shi tun suna so.

5. Ɗan akuyana

Da'irar na nan, sai a riƙe hannun juna gam. Yaro ɗaya ya shiga ciki, shi ne akuyar da ta shiga rumbu. Yana zagayawa yana bayarwa, sauran na amsawa:

Ɗan akuyana,
Damushere.
Ya shiga rumbu,
Damushere.
Za su kashe shi,
Damushere.
Nan da wuƙaƙe,
Damushere.

Yana waƙar yana leƙen inda riƙon ya yi sako-sako. Sai ya shammace su ya afka wurin. In ya ɓalle, ya zura da gudu zuwa masha, a bi shi. In ya sha kafin a taɓa shi, ya tsira, sai ɗaya daga cikin biyun da hannunsu ya saki ya shiga tsakiya. In an taɓa shi, ya sake komawa, amma kar ya wuce sau biyu.

Ki lura da abu biyu. Na farko, a ce "taɓawa", a maimaita, domin da zarar an fara bi, hannu yakan tashi da kansa. Na biyu, a riƙe tafin hannu, ban da sarƙe yatsu, kuma kar ƙaramin yaro ya tsaya tsakanin manya biyu, nan ne akuyar za ta nufa, kafaɗar yaron kuwa ita za ta ji a jikinta. Abin da ya fi shi ne ƙanana su yi tasu da'irar daban, babbar yarinya ɗaya ta zama akuyarsu, ta riƙa yin kamar ta kasa fita. Dariyar da suke yi a nan ta fi ta ko'ina.

6. Raba fili: langa a nan, gaɗa a can

Yanzu jiki ya ɗau zafi, kunya ta tafi. Manyan maza su nufi babban fili, 'yan mata su ja gefe. Wannan zangon ki ba shi rabin awa cur.

Langa dai kowa ya lanƙwasa ƙafa ɗaya ta baya, ya kama babban yatsanta da hannun ɗaya ɓangaren, ya riƙa tsalle da ƙafa guda. Hannu ɗaya ya rage masa na turewa. Wanda ya saki ƙafarsa, ko ya dafa ƙasa, ko ya faɗi, ya mutu a wannan zagayen. Ƙungiya biyu ce, biyar-biyar ko shida-shida. Masu kai hari su fid da mutum ɗaya, shi ne ruwa, burinsu ya isa masha yana kan ƙafa ɗaya, 'yan'uwansa na share masa hanya. Ɗaya ƙungiyar kuwa ta tsare masha, tana neman kayar da ruwan. In ruwa ya sha, an ci ɗaya. In an kayar da shi, sai a juya. Ki gaya wa yaran cewa wannan ba wasan raini ba ne, ana fafata shi a gasar wasanni ta ƙasa a Najeriya tare da dambe da kokawa, har an kasa shi gida uku, ruwa da tureshi da kawoshi. Jin haka yana sa su miƙe.

Dokokin walima uku ne, alƙali ya faɗe su da ƙarfi kafin busa usur: turewa da tafin hannu ko kafaɗa kawai, ban da kama riga, ban da turewa ta baya. Nisan masha kar ya wuce taku 15. Kowane zagaye a sauya ƙafa, a kuma sauya ruwa, in ba haka ba yaro ɗaya mai ƙarfi zai riƙe matsayin har a tashi. Ki zaɓi ruwa daga cikin marasa ƙiba masu zillewa, ƙarfafa su zama masu tsaro, ta haka kowa ya samu abin yi.

Langa a kan siminti ko tayil, ni ban yarda da ita ba sam. In filinki ke nan, ki mayar da ita tsere: kowa ya kama ƙafarsa, a yi rige-rigen zuwa masha, babu turewa. 'Yan ƙasa da shekara 7 ma tseren za su yi, ko a yashi ne, kuma a bar su su riƙe idon sawu maimakon yatsa.

Gaɗa kuwa ba ta son ganga, tafi ne kiɗanta. 'Yan mata su yi rabin da'ira kafaɗa da kafaɗa, mai zaƙin murya ta bayar, saura su amsa suna tafi. Ɗaya ta fita fili ta taka rawa, ta juyo da baya ta saki jiki ta faɗo hannun ƙawayenta, su tallabe ta su cilla ta gaba ta dira, ta koma layi, ta gaba ta fito. Carman dudu da ɗan maliyo su ne suka fi saurin kamuwa, domin amshinsu gajere ne, yarinyar da ba ta taɓa ji ba ma a zagaye na biyu ta iya.

Manyan 'yan matan nan biyu su tsaya a tsakiyar layi, su ne masu cafewa. Kar a bar babba ta faɗo kan ƙanana. Mai tsoro a fara mata da taku ɗaya kacal, ta jingino kawai. Sannan ki saurari baitocin tun ranar gwaji. Waƙoƙin gaɗa da yawa na 'yan matan da suka isa aure ne, cike suke da habaicin kishiya da uwar miji da zancen samari. Ki tace, ki bar na yabon iyaye da ƙawa, ko a riƙa saka sunayen yaran da ke wurin a cikin baitin, wanda suke matuƙar so. Kar ki yi mamaki in kika ga iyayen da suka zo rakiya sun ajiye mayafi sun shiga layi. Ki bar su zagaye ɗaya, sannan ki ce, "Hajiya, a bar wa masu wurin."

In 'yan mata sun ce su ma langa za su yi, a shata musu nasu zagayen su kaɗai.

7. Ruwa, sannan wasannin gefe

Ki buga murfin tukunya, kowa ya zauna ya sha ruwa. Ruwa zalla, zoɓo da kunun aya sai an gama tsalle. A sake ƙidaya su.

Daga nan ba a haɗa su wuri ɗaya. A buɗe wasa huɗu lokaci guda, kowanne da mai kula da shi, yaro ya je inda ransa ke so, ya sauya in ya gaji.

'Yar gala-gala: ki zana gida shida, uku a dama uku a hagu, kowane gida ya ɗauki ƙafar yaro da sauran wuri. Mai wasa ta jefa tsingaro a gidan farko, ta tsallake shi da ƙafa ɗaya, ta bi sauran gidajen tana ɗingishi, ta zagayo ta sunkuya ta ɗauke shi ta fita. Sai gida na biyu, har na shida. In tsingaron ya hau layi, ko ta taka layi, ko ta sauke ƙafa, ta ba ta gaba. Wadda ta gama duka, ta juya baya ta jefa ta saman kanta, inda ya faɗa ya zama gidanta, ta yi masa alama. Ita tana hutawa a ciki da ƙafa biyu, saura kuwa sai sun tsallake. Zane ɗaya kar ya ɗauki fiye da yara huɗu, in sun fi haka ki ƙara zane, domin jiran layi ne ke kawo faɗa.

Carafke: a tona ɗan rami, ko a zana da'ira a siminti, a zuba duwatsu goma. Mai wasa ta cilla dutsen hannunta sama, kafin ya sauko ta jawo wasu daga ramin, ta cafe. Ta sake cillawa, ta mayar da su duka ban da ɗaya, ta cafe. Wannan ɗayan ta ci shi. In dutsen ya faɗi, ko ta bar fiye da ɗaya a waje, ta faɗi. Wadda ta fi tara duwatsu ita ce gwana. Masu koyo a bar su su cafe da hannu biyu. A siminti ki shimfiɗa buhu, don kar yatsu su goge.

Dara ta yaran da suka haura shekara 9 ce, da kuma irin yaron nan mai shiru da hayaniya ba ta dame shi ba. A zana gida 30 a kwali, layi 5 kowanne da gida 6. Kowa da murfi 12. Da farko ana ajiyewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yarda ka jera uku a wannan matakin ba. In an gama ajiyewa sai a fara turawa, taku ɗaya gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku a layi ya cire ɗaya daga na abokin wasansa. Huɗu a jere ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka koma biyu, an cinye shi. In akwai dattijo a ƙofar gida, shi za ki ba wannan tabarmar.

Igiya kuwa manya biyu su kaɗa, ƙanana su shiga. Ga 'yan shekara 4, a kwantar da ita a ƙasa a riƙa karkaɗa ta, su tsallake.

Wasan ɓuya da gangan na bar shi. A gidan taro, yaro zai shige ɗakin baƙi ko bayan tankin ruwa ko cikin mota, ke kuma ba ki san ya ɓace ba sai an zo rabo. Kokawa ma ki bar ta, kayen wasa ne ke zama gaba tsakanin iyaye. Tashe kuma na watan azumi ne, a bar shi a lokacinsa.

In ruwan sama ya sauko, ko kuwa falo kaɗai gare ki, ki ture kujeru bango. Jini-jini da carafke da dara da duk abin da ke mataki na 8 da na 9 suna yiwuwa a ɗaki. Gaɗa a yi ta da tafi da rawa kawai, ban da faɗowa.

8. Wanke hannu, abinci, kacici-kacici

Saura kamar minti 40 a kira magariba, a tattara duwatsu da murafu a ƙidaya su, don masu rarrafe. A jera yara a wanke hannu da sabulu, a zauna a tabarmi, huɗu-huɗu a faranti, ƙanana daban, in ba haka ba ba za su ga nama ba. 'Yan ƙasa da shekara 4 kar a ba su gyaɗa ko aya ko gugguru ko alawa mai tauri, suna shaƙewa.

Ana cikin ci, sai ki jefa: "Ƙulin ƙulifita!" In an samu mai cewa "Gauta!" to kin samu abokin aiki. Ki fara da masu sauƙi. Baba na ɗaka gemu na waje, hayaƙi. Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, tsintsiya. Ɗakin saurayi ba ƙofa, ƙwai. Sai ki hau zuwa masu wuya: rawanin baba ya faskari naɗi, hanya. Tsumagiyar kan hanya, fyaɗe yaro fyaɗe babba, yunwa. Na wanke ƙwaryata, na je gabas na je yamma ba ta bushe ba, harshen kare.

Kar ki yi saurin faɗin amsa. In sun kasa, ki ce su ba ki gari. Su ce sun ba ki Kano, ki ce kin karɓa, ki shiga yabon abin da za ki ci a kasuwar Kurmi. In suka ba ki ƙauyen da ba ki so, ki ƙi, sai sun sauya. Rabin daɗin wasan yana cikin cinikin garin nan, yara kuma na koyon sunayen garuruwa ba tare da sun sani ba. Bayan naki biyar ko shida, ki ba su dama su kawo nasu, ko da na ƙirƙira ne marar kan gado.

In baki ya huta da tauna, a gwada karya harshe. "Turmi ture kura, kura ture turmi", sau biyar da sauri ba numfashi. Manya a ba su na ƙato da kwaɗo da suka je ƙoto.

9. Tatsuniya, rabo, sallama

Tsofaffi na cewa ba a tatsuniya da rana, shi ya sa ta zo nan, rana ta yi ja, jiki ya mutu. A shimfiɗa wa Iya darduma a gaba, ƙanana kusa da ita. Ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku", su amsa "Ta zo mu ji ta". Ki roƙe ta tun farko ta zaɓi gajeruwa, mai waƙa a ciki da yara za su amsa, irin ta Gizo da Ƙoƙi ko ta Kura da Dila. Ta Dodo mai cin mutane a ajiye ta, akwai waɗanda za su bi lungu da duhu zuwa gida. In babu tsohuwa, ke ki yi, amma ki haddace ta tukuna, kar ki karanta daga waya. Guda ɗaya ta isa. Da ta ce "Ƙurunƙus kan kusu", ki miƙe, ko sun ce a ƙara.

Rabo a bakin ƙofa ake yin sa, ba a tsakar gida ba. Yaro ya sa takalminsa, a mayar masa da ledar kayansa, a miƙa masa ƙunshi, ya fita, mai ƙofa na rage lissafi. In kika raba a ciki, wasu za su zagayo layi sau biyu, wasu su cinye su tsaya kallon na wasu. Waɗanda suka yi fice a langa ko carafke ko kacici-kacici, a ƙara musu fensir ko littafin rubutu, a kira sunansu a tafa musu. Kar ki ba da kuɗi, kafin su kai gida wani babba ya karɓe, ko a yi dambe a kansa a hanya.

Ƙanana kar a sake su sai a hannun wanda ya kawo su ko yayansu da kika sani. 'Yan unguwa ɗaya a haɗa su da ɗaya daga cikin samarin nan ya raka su har ƙofa. Wanda ba a zo ɗauka ba har aka kira salla, ya shigo ciki ya yi alwala tare da yaran gida, ke kuma ki kira mahaifiyarsa.